Barbara Jordan: Gwamnar yini ɗaya, mai hidimar shekara 35

A ranar Asabar 10 ga watan Yunin 1972, wata mace baƙar fata mai shekara 36 ta tsaya a zauren Majalisar Dattawan jihar Texas da ke birnin Austin, ta ɗaga hannu, aka rantsar da ita a matsayin gwamna. Mulkin nata na yini ɗaya ne tak. Al'ada ce a jihar cewa sanatan da takwarorinsa suka zaɓa shugaban riƙo na majalisar a ware masa rana guda, gwamna da mataimakinsa su fice daga jihar da gangan, domin ragamar mulki ta faɗo hannunsa kamar yadda tsarin mulkin jihar ya tanada. A wannan shekarar Barbara Jordan ce ke riƙe da muƙamin, don haka ta zama mace baƙar fata ta farko da ta taɓa zama kan kujerar gwamna a wata jiha ta Amurka, ko da yake na riƙo ne. Mutanen unguwarsu sun yi tururuwa daga Houston domin su shaida da idonsu. Mahaifinta, Benjamin Jordan, wanda limamin coci ne, yana cikin taron. Kafin yinin ya ƙare bugun jini ya kama shi, aka garzaya da shi asibiti, kashegari ya rasu.

Mako guda bayan wannan biki aka kama wasu mutane sun fasa ofishin jam'iyyar Dimokurat a ginin Watergate da ke Washington, badaƙalar da ta ci kujerar Shugaba Richard Nixon, ta kuma sa duk Amurka ta san muryar Barbara Jordan. Da waɗannan hotuna biyu aka fi tunawa da ita: ranar gwamnancinta, da daren 25 ga Yulin 1974 lokacin da ta yi jawabi a kwamitin shari'a na Majalisar Wakilan tarayya kan batun tsige shugaban ƙasa.

Sai dai duk wanda ke cin abinci da aikin gwamnati, ko yake riƙe wa wani babba jaka da jadawali, zai fi ƙaruwa idan ya kawar da ido daga waɗannan hotuna ya dubi abin da ke ƙarƙashinsu. Matar ta shiga hidimar jama'a ta ƙofar aikin sa-kai, ta gina kanta a majalisar jiha, ta je tarayya ta yi shekara shida, sannan ta dawo jiharta ta sake yi mata aikin da ba ta karɓi ko sisi a kansa ba. Kujerar gwamna kayan aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Abin da ya rufe tata shi ne aikin da ta yi kafin ranar da kuma bayanta.

Daga manna kan sarki

An haifi Barbara a ranar 21 ga Fabrairun 1936 a Fifth Ward, wata unguwar baƙaƙen fata talakawa a Houston. Kakanta na wajen uwa sana'ar gwangwan yake yi, yana sayen tsummoki da tsofaffin ƙarafa, kuma tana yarinya takan taya shi warewa. A Texas ta wancan zamani doka ce ta raba makarantar baƙi da ta farare. Jami'ar da ta yi digirinta na farko, Texas Southern, hukumomin jihar sun kafa ta ne a 1947 da nufin kauce wa ƙarar da wani baƙar fata mai suna Heman Sweatt ya shigar yana neman gurbin karatun lauya a babbar Jami'ar Texas. Ta kammala a 1956, ta wuce Jami'ar Boston ta karanta lauya, ta gama a 1959.

Da ta dawo Houston a 1960 ba ta da ofis. Teburin cin abinci na gidan iyayenta shi ne ofishin, masu neman lauya kuwa ba su cika zuwa ba. Lokacin ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen John Kennedy da abokin takararsa Lyndon Johnson, ɗan jihar Texas. Sai ta tafi hedikwatar jam'iyya ta gundumar Harris, wadda Houston ke cikinta, ta ce ta zo taimako. Aikin da aka ba lauyar da ta fito daga Boston shi ne cusa takardu a ambulan da manna kan sarki. Ta zauna ta yi.

Daga kan wannan teburi ita da wasu abokan aiki suka tsara yadda za a bi unguwannin baƙaƙen fata layi-layi, kowane layi da mutumin da zai ƙwanƙwasa ƙofofi ya tabbatar an fita zaɓe. Mazaɓu 40 suka bi ta wannan hanya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na masu rajista a cikinsu sun fita ranar zaɓe. Kennedy ya lashe jihar Texas da ratar ƙuri'u kusan 46,000 kacal. A cikin wannan hidima ne wata rana mai jawabin da aka shirya a wani coci bai zo ba, aka ce Barbara ta tsaya a madadinsa. Daga ranar aka ɗauke ta daga kan ambulan aka mayar da ita gaban jama'a.

Akwai masu ɗaukar irin wannan labari a matsayin sa'a. Sa'a tana da rabonta a ciki, amma sa'ar ta sami matar a wurin ne domin ta yarda da aikin da mai digirin lauya zai iya ganin ya fi ƙarfinsa. A watannin da ta yi tana bin layuka ta san wace dattijuwa ce ake jin maganarta a unguwa, wane limami ne ke cika alkawari, wane gida ne ba su da kuɗin harajin jefa ƙuri'a. Wannan ilimi ba a karanta shi a Boston, kuma shi ne jarin da ta ci moriyarsa har ƙarshen rayuwarta ta siyasa.

Faɗuwa biyu

Za a yi wa tarihi rashin adalci idan aka ce ƙwazo kaɗai ne ya kai ta majalisa. Ta tsaya takarar Majalisar Wakilan jiha a 1962 ta faɗi. Ta sake tsayawa a 1964 ta sake faɗuwa. Ba ta kasa yin aiki ba. Tsarin zaɓen ne aka gina shi yadda irinta ba zai ci ba. A lokacin, duk wakilan gundumar Harris ana zaɓensu ne da ƙuri'ar gundumar baki ɗaya, ba mazaɓa-mazaɓa ba. Komai yawan ƙuri'un Fifth Ward, sai su narke cikin rinjayen fararen fata kamar gishiri a rijiya. Ga kuma harajin jefa ƙuri'a, wanda jihar ta ƙaƙaba tun 1902: sai mutum ya biya dala ɗaya da rabi, a wasu gundumomin har da ƙarin sulalla, watanni kafin zaɓe, kafin a ba shi damar zaɓen wanda zai mulke shi. Ga leburan gona da mai wankau, wannan kuɗin abincin yini ne ko fiye.

Abin da ya sauya lissafin daga sama ya zo. A 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa dole a raba mazaɓun majalisun jihohi bisa yawan jama'a. A 1965 Shugaba Johnson ya sa hannu kan dokar kare 'yancin jefa ƙuri'a. A 1966 kotun tarayya ta rushe harajin jefa ƙuri'a na Texas. Aka sake shata mazaɓu, aka samar da wata sabuwar mazaɓar sanata a Houston wadda ta haɗa unguwannin baƙaƙen fata da na ma'aikata. A wannan shekarar Barbara ta tsaya, ta kayar da wani gogaggen ɗan majalisa farar fata a zaɓen fitar da gwani, ta lashe babban zaɓe. Rabon Majalisar Dattawan Texas da ganin baƙar fata a kan kujera tun 1883, mace baƙar fata kuwa ba ta taɓa gani ba.

Darasin nan fuska biyu gare shi, kuma duk wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ya yi asara. Haƙuri da aiki ba sa buɗe ƙofar da doka ta garƙame. Sai an gyara dokar. Amma ranar da aka buɗe ƙofar, wanda aka tarar tsaye a bakinta shi ne ke shiga. A tsakanin faɗuwarta ta biyu da nasararta Barbara ba ta koma gida ta naɗe hannu ba. Ta karɓi aikin hadima a ofishin shugaban gundumar Harris, Bill Elliott, inda take bin diddigin ayyukan jin ƙai na gundumar. Ma'ana, ita ma ta taɓa zama mai rubuta wa wani takarda da shirya masa taro, ta kuma mayar da wannan kujera makaranta.

Mace ɗaya, maza talatin

Majalisar Dattawan Texas kujeru 31 gare ta. Lokacin da Barbara ta shiga a watan Janairun 1967, sauran 30 ɗin duk maza ne, babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu, kuma da yawa daga cikinsu sun yi suna wajen kare wariyar launin fata. Albashin sanata dala 4,800 ne a shekara. Majalisar kan zauna ne sau ɗaya a shekara biyu, na tsawon kwana 140, don haka duk ƙudurin da bai wuce a wannan ɗan taƙi ba sai ya jira wasu shekaru biyu.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta yi tasiri kan duk abin da ta yi a zauren. Bisa al'adar majalisar a lokacin, ba a tattauna ƙuduri sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun amince a kawo shi, wato mutum 21 idan kowa ya halarta. Sanatoci 11 sun isa su kashe kowane ƙuduri ba tare da an ko karanta shi ba. Masu ra'ayin sauyi irinta ba su kai 21 ba, ba su ma kusa ba. Lissafin a fili yake: duk dokar da take son ta amfani mai wankau a Fifth Ward sai ta bi ta hannun mutanen da ba za su yarda su ci abinci kwano ɗaya da mai wankau ba.

Tana da zaɓi biyu. Tana iya mayar da kujerarta mumbari, kullum ta tashi ta zazzaga musu gaskiya, jaridu su ɗauka, unguwa ta yi mata tafi, kwana 140 su ƙare babu doka ko ɗaya. Murya kuwa tana da ita, domin tun tana jami'a ta yi fice a gasar muhawara. Sai ta zaɓi ɗaya hanyar. Ta ɗauki littafin dokokin majalisa ta haddace shi. Ta riƙa zuwa wurin tsofaffin sanatoci masu ra'ayin riƙau tana tambayarsu sirrin tafiyar da zaure. Ba ta cika yin magana ba sai ta karanta ƙuduri daga farko har ƙarshe. A ƙarshen zaman farko takwarorinta suka amince da ƙudurin yabo da ya bayyana ta a matsayin wadda ta fi fice cikin sababbin sanatoci. Daga baya aka ba ta shugabancin kwamitin da ke kula da hulɗar ma'aikata da masu ɗaukar aiki.

A nan ne aikin da ya fi cancanta a tuna da ita da shi ya faru. A bazarar 1966 leburorin gonakin kankana na kudancin jihar, akasarinsu 'yan asalin Meziko, sun yi tattaki na ɗaruruwan kilomitoci zuwa Austin suna neman a sa mafi ƙarancin lada na dala 1.25 a awa. Gwamna John Connally ya tare su a hanya ya shaida musu ba zai kira zaman majalisa na musamman saboda su ba. Texas ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi ko kaɗan, dokar tarayya kuma ta tsallake ɗimbin ƙananan ma'aikata. Barbara tana cikin waɗanda suka ɗauki wannan batu a ka, har a 1969 majalisar ta zartar da dokar mafi ƙarancin albashi ta jihar, a kan dala 1.25 a awa. A wannan zama ne kuma ta jagoranci gyaran dokar diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, aka ɗaga mafi yawan abin da ake ba su a mako daga dala 35 zuwa dala 49.

Waɗannan alƙaluma ba su da armashi. Dala 1.25 ba ta kai dala 1.60 da tarayya ta tanada a lokacin ba, kuma an cika dokar da togace-togace kafin ta samu wucewa. Dala 14 a mako ba ta mayar da kowa mai arziki. Amma ga magidancin da inji ya cinye wa yatsu, dala 14 ita ce tazarar da ke tsakanin biyan kuɗin haya da kwana a titi. Ma'aikacin Najeriya da ya ga yadda aka kai ruwa rana kafin a tsayar da naira 70,000 a 2024, da yadda aka ci gaba da jan ƙafa a wasu jihohi wajen biya, ba ya buƙatar a yi masa bayanin cewa a kan irin waɗannan ƙananan lambobi ne ake auna ko gwamnati ta san da talaka.

Zargin sayar da kai

Hanyar da ta bi tana da farashi, kuma masu sukarta ba mahaukata ba ne. A 1971 aka naɗa ta mataimakiyar shugaban kwamitin sake shata mazaɓu, da yardar mataimakin gwamna Ben Barnes wanda shi ne ke shugabantar majalisar. Daga wannan aiki aka fito da sabuwar mazaɓar tarayya ta 18 a tsakiyar Houston, kuma kowa ya ga cewa ɗinkin ya yi mata daidai. Curtis Graves, baƙar fata ɗan Majalisar Wakilan jiha wanda suka shiga majalisa shekara ɗaya, ya fito takara da ita a 1972, ya zarge ta da zama 'yar amshin shatan manya. Daga baya, a 1975, ta ba magoya bayanta mamaki da ta tsaya gaban kotu ta ba da shaidar kyawun halin John Connally, gwamnan nan da ya juya wa leburorin kankana baya, lokacin da ake tuhumarsa da karɓar cin hanci. Kotu ta wanke shi, amma da yawa ba su yafe mata ba.

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma wannan tsoro na gaskiya ne. Ba a rasa mutanen da suka shiga ofis da niyyar gyara daga ciki, ofishin ya gyara su. Tambayar da ta dace ita ce: ta yaya ake bambance mai sassauci don a samu biyan buƙatar jama'a da mai sassauci don ya samu wurin zama? Ana dubawa ne a ga me ya fito da shi daga ɗakin, kuma aljihun wa ya shiga.

Texas ta samu damar yin wannan gwaji a daidai lokacin. A 1971 badaƙalar Sharpstown ta fashe: wani mai banki a Houston ya ba manyan jami'an jiha rance suka sayi hannun jari, suka ci ƙazamar riba, yayin da ake hanzarta zartar da ƙudurorin da yake so. An samu kakakin Majalisar Wakilan jihar, Gus Mutscher, da laifi a 1972. Gwamna Preston Smith da Ben Barnes duk sun faɗi zaɓe a wannan shekara, ko da yake ba a gurfanar da su ba, kuma kusan rabin 'yan majalisa ba su dawo ba. Barbara ta yi shekaru tana zama da waɗannan mutane, amma sunanta bai fito cikin waɗanda aka tuhuma ba. Mutanen mazaɓarta su ma sun yi nasu hukuncin: sun ba ta kusan kashi 80 cikin 100 na ƙuri'u a zaɓen fitar da gwani.

Wannan bai wanke kowane mataki da ta ɗauka ba. Shaidar da ta yi wa Connally abu ne da mai hankali zai iya ci gaba da ganin bai dace ba. Amma wanda ya zauna da manya ya fito da doka a hannu ba ɗaya yake da wanda ya fito da hannun jari a aljihu ba, kuma hadimin da bai san wannan bambanci ba yana cikin haɗari tun ranar da ya karɓi takardar kama aiki.

Tarayya, da dawowa gida

A Washington ta yi wa'adi uku, daga 1973 zuwa 1979. Jawabinta na Watergate bai kai minti 15 ba. A cikinsa ta tuna wa masu sauraro cewa lokacin da aka kammala kundin tsarin mulkin Amurka a 1787 ba a lissafa irinta cikin jama'ar da kundin ke magana da yawunsu ba, sai daga baya gyare-gyare da hukunce-hukuncen kotu suka shigar da ita. Ta ce duk da haka imaninta da kundin cikakke ne, kuma ba za ta zuba ido a rusa shi ba. Sauran jawabin kuwa bayani ne dalla-dalla kan abin da tsigewa ke nufi a doka da yadda hujjojin da ke gaban kwamitin suka dace da shi. Wadda ta saba haddace dokokin zaure a Austin ce ke magana. Mako biyu bayan haka Nixon ya yi murabus. A 1975 ta tsaya kai da fata har aka faɗaɗa dokar 'yancin jefa ƙuri'a ta shafi Texas da masu magana da harsunan da ba Ingilishi ba, duk da adawar manyan jami'an jiharta. A 1976 ta zama mace baƙar fata ta farko da ta gabatar da babban jawabi a taron ƙasa na jam'iyyar Dimokurat.

Tana kan ganiyar wannan ɗaukaka ta ce ba za ta sake tsayawa ba. Shekarunta 42 lokacin da ta bar majalisa. Tun 1973 likitoci suka gano tana ɗauke da wata cuta mai lalata jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa, wadda a hankali ta kai ta ga keken guragu. Tsofaffin 'yan majalisa da yawa kan tsaya a Washington su zama dillalan kamfanoni a wurin tsofaffin abokan aikinsu, sana'ar da ke kawo kuɗi masu kauri. Ita Austin ta koma, ta kama koyarwa a makarantar nazarin harkokin gwamnati ta Lyndon Johnson da ke Jami'ar Texas, jami'ar da a shekarun ƙuruciyarta doka ta haramta wa irinta shiga. Darasin da ta fi shahara da shi shi ne ɗa'a da riƙon amana a aikin gwamnati, kuma ɗalibai sun riƙa rububin samun gurbi a ajinta.

A 1991 sabuwar gwamna Ann Richards ta naɗa ta mai ba da shawara kan ɗa'ar aiki. Muƙamin ba shi da albashi. Aikinta shi ne ba gwamna shawara da faɗakar da waɗanda aka naɗa muƙamai kan iyakar da ke tsakanin abin jama'a da abin kansu. A shekarar ne masu zaɓe a Texas suka amince da kafa hukumar ɗa'a ta jiha a cikin tsarin mulkinsu. Matar da ta fara da manna kan sarki kyauta a 1960 ta dawo, a kan keken guragu, tana yi wa jiharta aiki kyauta bayan shekara 31. A 1994 Shugaba Bill Clinton ya ba ta lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula a Amurka, kuma tana shugabantar hukumar tarayya kan gyaran dokokin shige da fice lokacin da ta rasu a ranar 17 ga Janairun 1996, tana da shekara 59. An binne ta a maƙabartar gwamnatin jiha da ke Austin, baƙar fata ta farko da aka yi wa wannan karamci.

Abin da ya shafi mai karatu

Tun 1979 Najeriya ta ari tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, da gwamnoni da majalisun jihohi. An ari ginin, amma har yau ana kallon majalisar jiha a matsayin zauren jiran mota zuwa Abuja, ana kuma kallon komawa jiha bayan an ɗanɗana tarayya a matsayin faɗuwa. Rayuwar Barbara Jordan ta saɓa wa wannan tunani. Dokokin da suka fi taɓa tukunyar talakan Texas a majalisar jiha ta yi su, tana karɓar dala 4,800 a shekara.

Ana iya cewa aikin sa-kai na wanda cikinsa ya cika ne, kuma ma'aikacin da albashinsa ke ƙarewa kafin tsakiyar wata, wanda ke tasowa daga Maraba ko Suleja tun asuba, ba shi da rarar da zai bayar. Akwai gaskiya a ciki, kuma babu wanda ya isa ya yi amfani da labarin wannan mata ya ce ma'aikaci ya haƙura da haƙƙinsa. Ita kanta a kan ladan ma'aikaci ta yi yaƙinta mafi girma. Amma abin da ta bayar a 1960 ba kuɗi ba ne, domin ba ta da su. Lokaci ta bayar da ilimin da take da shi. Ma'aikacin da ya san yadda ake cike takardun fansho, ko yadda ake rubuta ƙorafin da hukuma za ta karanta, ko yadda ake bin sawun aikin da aka sa a kasafin kuɗi ba a yi ba, yana riƙe da abin da mutanen garinsu ba su da shi. Awa biyu a ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko kwamitin asibitin unguwa ba sa buƙatar sa hannun babban sakatare.

Ana iya cewa kuma sa-kai a siyasa jari ne, kowa na yi ne don a tuna da shi ranar rabon muƙami. Barbara ma tana da buri, ba ta kuma taɓa ɓoye shi ba. Wadda ta tsaya takara sau uku kafin ta ci ba za a kira ta marar son matsayi ba. Buri ba aibi ba ne. Ana gane mutum ne a abin da ya yi da kujerar bayan ya hau, da kuma ko zai iya sauka da ƙafarsa ya ci gaba da aiki ba tare da jiniya ba.

Daga kakar zaɓen 1960 zuwa watan Janairun 1996 shekara 35 ne da 'yan watanni, daidai da wa'adin da dokar aiki ta ɗiba wa ma'aikacin gwamnatin tarayya a Najeriya kafin ya yi ritaya. A cikin waɗannan shekaru yini ɗaya kacal aka kira ta gwamna. Kowane ma'aikaci yana da fayil da ke ƙirga masa nasa shekarun, yana da matakin albashin da yake hanƙoron kaiwa, yana kuma da jihar da zai koma ranar da aka karɓe katin shaida da makullin ofis. Mutanen da zai tarar a can ba za su tambaye shi matakin da ya kai ba. Za su tambaye shi abin da ya zo musu da shi.